Layin Da Na So In Goge

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, masu rubuta manhaja da masu duba ta, ungozomomi da ma'aikatan asibiti da kuka baro aiki kuka zo, da sauran jama'a har da waɗanda kujera ba ta kai gare su ba, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana cikar shekara biyar da buɗe wannan rumbu namu na intanet, inda kowa yake ajiye manhajarsa a buɗe, kowa ya karanta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Mun fara a ɗaki ɗaya, da fanka ɗaya wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Yau ga zaure ya cika maƙil, kuma wallahi daɗi nake ji.

An ce in yi magana a kan amana. Maganata biyu ce, ta biyun kuwa tonon asirin kaina ce.

Ta farko, dokar rumbun nan ita ce duk gyaran da aka yi, ana rubuta shi da sunan mai yi da ranar da ya yi, kuma ba a gogewa. Shi ya sa wanda bai taɓa ganin fuskarka ba yake ɗaukar aikinka ya ɗora a kwamfutar asibiti hankalinsa kwance.

Ta biyu, bara na canza layi ɗaya na rubutu a manhajar da ke tuna wa ungozomomi ranar rigakafin jarirai. Ban jira mai dubawa ba, don ina ji da kaina ni ne babba. Ashe layin ya ture ranakun da mako biyu. Sai bayan kwana tara na gano, na gyara. To, makullin rumbu a hannuna yake, ina iya share tarihin kamar ba a yi ba. Tsoro na ji, jama'a, tsoron asibitoci su ji su kwashe kayansu su bar mu.

Ina shirin gogewa sai ga mai duba aikinmu, wadda muke kira Ido Huɗu saboda gilashinta, tsaye a kaina.

Ta ce, "Kawu, me za ka goge?"

Na ce, "Ɗan datti ne, 'yata, ai na riga na gyara."

Ta ce, "A nan ka gyara. Waɗanda suka sauke manhajar makon jiya fa? In ka goge, wa zai gaya musu ta hannunsu gurguwa ce?"

Sai na fasa gogewa. Na rubuta sanarwar kuskuren da sunana ƙarara. Kafin la'asar wata ungozoma ta kira ta wanke ni tas da faɗa, sannan ta ce ta bi gida-gida, jarirai goma sha ɗaya sun sami allurarsu a kan lokaci. Asibiti biyu sun bar mu, ban ga laifinsu ba. Sauran suka zauna, ga mutanensu nan a layin gaba suna yi mini dariya.

Saboda haka daga yau makullin ya bar aljihuna, ya koma hannun mutum uku, ba ya buɗewa sai sun haɗu. Ido Huɗu ce ta farkonsu, ni kuwa ba na ciki. Ku tafa mata, don Allah.

Allah ya raya jariran nan, ya haɗa kowannenmu da mai tsaya masa a kai ranar da zuciya ta so ha'inci, ya mai da ku gida lafiya. Na gode.