Haƙoran Ranar da Orest Ya Faɗi

Shugaban taro, Dakta Thiessen. Likitocin haƙori na Manitoba. Masu ƙera haƙora, abokan aikin mijina. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku.

Sunana Darlene, matar marigayi Orest Hrynyk. Na gode da ta'aziyya, na gode da abincin da kuka yi ta aiko mana. Ban yi karatu mai nisa ba, ku yi haƙuri da ni.

Kun san haƙorin gilashi yana fitowa daga injin sassaƙa shuɗi-shuɗi, ba ƙwari. Sai ya shiga tanda, zafi ya hau a hankali, ya tsaya, ya sauka a hankali, sannan ya yi fari, ƙwayoyin cikinsa su sarƙe kamar saƙar tabarma, tsaga ta rasa hanyar bi. In na leƙo shago na ce wa Orest, "Tsoho, miya ta huce," sai ya ce, "Uwargida sarkin gaggawa, miya ana ɗumama ta. Wannan in ya huce ba lokacinsa ba, sai bakin wani ya ba da labari."

Ranar da ya faɗi a shago, tanda tana ci da haƙora a ciki. Ma'aikatan motar asibiti suka zare wayarta don gadon ɗaukar marar lafiya ya wuce. Ba laifinsu ba ne, rai suke nema. Bayan jana'iza 'yarmu Larysa ta buɗe tandar, ta ga haƙora farare tas, ta aika muku, kuka sa wa mutane. Sai makon jiya ɗaya daga ma'aikatan ya zo gaisuwa, yana ba ni haƙuri kan wayar da ya zare.

Sai a ranar muka san wuta ta yanke ana tsakiyar gashi. Tun daga nan ba na barci. Ido ba mudu ba ne, fari ba ƙwari ba ne. Wataƙila sun gasu, wataƙila ba su gasu ba. Wanda zai iya faɗa mana ya tafi.

Roƙona ɗaya. Duk wanda ya karɓi aiki daga shagonmu bayan jana'iza, ya kira mai haƙorin ya dawo, Larysa za ta sake ƙera masa. Wani ya ce mini, "Darlene, yi shiru mana, za ki ɓata masa suna." Na ce gara sunan ya fashe a bakina da haƙori ya fashe a bakin wata tsohuwa tana cin abinci da jikokinta. Kirsimeti ya matso, za a fara tauna alewa mai tauri. Ku kira su gobe, don Allah.

Allah Ya albarkaci hannuwanku, Ya kiyaye ku a kan ƙanƙarar hanya, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.