Mai Fita Kafin a Kunna Fitila

Ana layi a shagon koshari, abincin shinkafa da taliya, da ke gefen silima a unguwar Shubra. Midhat, direban tasi mai furfura, ya hango tikitin fim a hannun saurayin da ke gabansa.

"Kai ma ka kalli ɓarnar nan? Jarumin da ke ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, a kashe shi a gaban 'yarsa! Halin daraktan nan ke nan. A fim ɗinsa na masunta ma uban ya kashe."

"Baba, wa ya mutu? Ai ya dawo."

"Ya dawo ina? Da idona na ga an binne shi."

"Bayan sunayen ƙarshen fim sun gama wucewa mana. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar ta buɗe. Ba ka tsaya ba?"

"Ni ba na zaman sunaye. Kafin a kunna fitila na fice."

"Saurin me kake yi?"

"Mutane ne da son kallon idon mutum." Midhat ya gyara tabarau a kan jajayen idanunsa. "To, uban nan na masunta... shi ma bayan sunaye?"

"A'a, Baba. Shi kam ya nitse."

Layi ya zo kan Midhat. Ya miƙa kwano.

"Cika min yaji," ya ce, idonsa ya riga ya kawo ruwa.