Kwandon Juma'a na Baban Halima

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Halima, daga wani ƙauye kusa da Mairuwa.

Mazan unguwarmu suna da lambun haɗin gwiwa a bakin dam. Duk Juma'a sai a tsinko tumatir, kuɓewa da alayyafo, a kasa gida-gida. Al'adarsu kuma, idan ɗan ƙungiya ya rasu, ƙofar masallaci ake kai kasonsa a yi masa sadaka.

Tun bara 'yan bindiga suka ɗauke maigidana a hanyar lambun. Har yau ba kira, ba gawa. Juma'ar farko shugaban ƙungiya ya tsaya a zaure da kwando, ya ce, "Maman Halima, masallaci za mu kai ko cikin gida?"

Na ce, "Cikin gida mana, Alhaji! Wa ya ce maku ya mutu?"

To Malam, ina karɓa, amma alayyafon kaɗai nake iya dafa wa yara. Tumatir da kuɓewa sai in yanka in shanya, wai ajiyar maigidana ce. Ina cikin yanka sai in ji kamar gyaran muryarsa a zaure, in leƙa ba kowa. Yanzu buhu ya cika, har ƙwari sun fara ci.

Jiya Halima ta ce, "Inna, in Baba bai dawo ba, wa zai sha miyar nan?"

Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara. Jibi Juma'a, Alhaji zai sake tsayawa a zaure. Ina zan ce a kai kwandon?