Kiran Sassafe Daga 'Yan Ɗakinmu

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban Tsangayar Harsunan Waje, Farfesa Qiao. Mai girma shugabar sashen Turanci, Malama Dou, wadda ta koya mini darasin sauraro har ta gaji da ganin fuskata. Malamaina maza da mata da ke layin gaba. Ƙannena ɗaliban shekarar ƙarshe, waɗanda dominku aka tara mu yau. Da ku 'yan shekarar farko da nake hangowa can baya, waɗanda na san an turo ku ne ku cika kujeru: ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da war haka.

Sunana Nie Chunmiao. Daga wannan tsangaya na fita, yanzu kuma ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren garinmu, can cikin duwatsu, inda gajimare ke sauka har bakin tagar aji. Ina godiya da aka gayyace ni, ina kuma godiya da aka yi ƙarfin halin gayyatata, domin al'adar wannan taro na ƙarfafa gwiwa ita ce a kira wanda ya ci jarrabawar Turanci ta mataki na takwas da makin ƙoli. Da Malama Dou ta buga mini waya, cewa na yi, "Malama, anya ba kuskuren lamba kika yi ba? Ni ce fa wadda ta faɗi." Ta ce, "Na sani sarai. Bara gwanaye muka kawo, yara suka fita sun fi tsorata. Ke nake so."

Kun san abin da ke gabanku. Kun san cewa wannan jarrabawa sau biyu kawai ake ba mutum damar zama a kanta: sau ɗaya a shekarar ƙarshe, sau ɗaya a shekarar da ke biye, daga nan an rufe ƙofa har abada. Ni na shiga ta ƙofar farko aka koro ni, kuma abin da ya faru tsakanin ƙofofin nan biyu shi na zo in ba ku labarinsa.

Abu na farko shi ne yadda na faɗi, domin ba lalaci ne ya kayar da ni ba, kuma ba zan yarda kowa ya ce haka ba. Tun kafin a buɗe ɗakin karatu ina kan layi da gorar ruwan zafina. Littafin kalmomin nan mai kauri na bi shi daga farko har ƙarshe, na sake dawowa. Bakin tafki kuwa, inda muke ɗaga murya muna karatun safe, har agwagin wurin sun san muryata. Sauraro ma na yi shi yadda nake zaton yawancinku kuke yi: a sa abin ji a kunne, a ji jimla ɗaya, a danna a tsayar, a rubuta, a mayar baya, a sake ji, har sai babu kalmar da ta tsere. Hanya ce mai kyau, ban zo in kushe ta ba, ita ta buɗe mini kunne. Amma ita kaɗai na riƙe tun daga shekarar farko, har babban yatsana ya fi kunnena ƙwarewa.

Ranar jarrabawa aka saki laccar nan da ake karantawa sau ɗaya tak, mutum yana ji yana rubutu. Ana cikin tafiya jimla guda ta kuɓuce mini, na tsaya nemanta. Ina nemanta ta biyu ta wuce, ina kukan ta biyu ta uku ta bi bayanta, kafin in dawo hayyacina mai magana ya kai ƙarshe. Da sakamako ya fito, maki kaɗan ne suka hana ni hayewa. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na kuma ji kunyar da har yau in na tuna nakan ji zafi a fuskata.

Ba kunyar ce ta fi damuna ba. Mahaifiyata ita kaɗai ce a gida tun rasuwar mahaifina, tana sayar da taliyar shinkafa a bakin kasuwa, gwiwoyinta kuma sun fara ƙin matakala. Makarantar garinmu na da gurbin malamin Turanci guda ɗaya. Shugaban makarantar, Malam Mo, ya ce mini, "Zan ɗauke ki na wucin gadi, shekara ɗaya. Kin kawo takardar mataki na takwas, kujera taki ce. Ba ki kawo ba, akwai masu jira, kuma babu abin da zan iya yi miki." Garinmu ba shi da wani aikin da mai digirin Turanci zai yi. In na sake faɗuwa, hanyar biranen bakin teku zan kama kamar sauran 'yan garinmu, in riƙa ganin uwata sau ɗaya a shekara, lokacin bikin sabuwar shekara.

Abu na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ni, shi ne 'yan ɗakinmu. Mu huɗu ne, kuma tun makon farko muka jera kanmu bisa shekaru kamar yadda kowane ɗaki ke yi: Zhai Hongyan ce Babba, 'yar arewa maso gabas mai murya kamar lasifikar tasha, Kuang Shuyi ce Ta Biyu, Rong Xiaodie ce Ta Uku, ni ce Auta. Su ukun duk sun ci jarrabawar. Ranar cin abincin bankwana muna kewaye da tukunyar romo mai barkono, kowa na kaffa-kaffa kada a ambaci jarrabawa, sai Babba ta ajiye tsinkayen cin abincinta.

Ta ce, "Auta, miƙo hannunki."

Na miƙa. Ta kama babban yatsana ta ɗaga sama. "Ga wanda ya faɗi jarrabawa, ku gan shi da kyau. Kunnenta lafiyarsa lau."

Na ce, "Haba Babba, sakar mini hannu, mutane na kallo."

"Su kalla mana, biya suka yi? Ki ji da kyau. Kullum da sassafe ɗayarmu za ta kira ki ta yi miki lacca da Turanci, baki da baki. Ba naɗi, ba tsayawa, ba komawa baya. An gama, tambaya uku. Kika ce a tsaya ko a maimaita, a kashe waya. Mu ga inda wannan yatsan zai danna."

Na ɗauka irin alkawarin bankwana ne, wanda yake mutuwa tun kafin jirgin ƙasa ya bar tasha. Babba ta tafi birnin Shenzhen, ta kama aiki a wani kamfanin da ke fitar da fitilu waje. Ta Biyu ta tafi Wuhan neman digiri na biyu. Ta Uku ta sami aiki a wani otal a Kunming. Kowa da nata nauyin, kowa da nata shugaban da ke jiran ta makara. Amma safiyar da na fara aiki, ina hawan tudun makaranta, waya ta yi ƙara.

Da tsofaffin takardun jarrabawa suka fara, aka yi rashin sa'a na haddace su duka. Ta Biyu ce ta gano, ta ce, "Ke Auta, ban kai wurin ba kin ba ni amsa. Duba kike yi?" Daga nan kowacce ta koma karanta abin da ke hannunta. Ta Biyu ta riƙa karanta mini babin binciken da take rubutawa, kuma ina roƙonta gafara a gaban jama'a, ban taɓa jin abin da ya kai shi sa barci ba. Ta Uku ta koya mini tarihin shayi da dokokin kashe gobara na otal. Babba kuwa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa take kira, jirgi na shigowa, ana sanarwa, ana turereniya, ita kuma tana zuba mini bayanin fitilu da gudu kamar ana binta. Yau in kuna son sanin fitilar da ta dace da ɗakin ajiyar kifi, ku same ni bayan taro.

Muna dariya yanzu, amma a lokacin ban yi dariya ba. Wata safiya cikin hunturu, hannuna ya ƙage don sanyi, jirgi ya shigo daidai kan jimlar da na san daga ita tambaya za ta fito. Na ce, "Babba, don girmanki, maimaita mini wannan ɗayar kawai, ba laifina ba ne, jirgi ne." Ƙit, ta kashe. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce a zuciyata, ita da ta riga ta haye, me ta sani game da tsoro? Na daina ɗaukar wayarsu, dukansu. Suka kira na share, suka sake kira na kife wayar.

Bayan 'yan kwanaki ina taya mahaifiyata hura wuta a rumfa, sai ta miƙo mini tata wayar tana toshe kunne ɗaya. "Karɓi, wata ce take nemanki, ban sani ba ko faɗa take yi ko gaisuwa."

Babba ta ce, "Auta, fushi ake?"

Na ci gaba da hura wutata.

"To, yi abinki. Amma ranar jarrabawa wa za ki yi wa fushi, na'ura? In wani ya yi tari a bayanki, hannu za ki ɗaga ki ce ba laifinki ba ne? Jimlar da ta wuce ta wuce, ki bar ta ta tafi, ki kama mai zuwa. Ni ma fa barci nake so, ba don muryarki nake tashi ba. Ɗauko alƙalami."

Na ɗauko. A tsaye, kan teburin da ake yanka albasa, na rubuta laccar wannan rana.

Abu na uku gajere ne. Bazara ta zo, na dawo wannan harabar na zauna a tsakiyar ƙannena, suna ce mini Yaya, suna kawar da ido don kada in ji kunya. Aka saki lacca. Ba ta yi nisa ba wani ya ja kujera, jimla ta tafi da ƙarar. Na ji yatsana ya danna tebur da kansa. Tsoron nan na bara ya dawo. Amma kunnen da ya sha jiragen Shenzhen bai tsaya makokin jimla ɗaya ba, ya bi mai magana. Gurbi guda na bari babu komai a takardata, na cike sauran.

Saboda haka, ƙannena, ku ci gaba da tsayarwa da maimaitawa a lokacin koyo, amma ku ware lokacin da za ku zauna kan hannuwanku ku bar magana ta wuce. Ku dubi wanda ke zaune kusa da ku, wanda kuke faɗa da shi kan fitila da shanyar safa. Cikinku akwai wanda zai faɗi bana, ba fata nake yi ba, lissafi ne. Idan hakan ta faru, kada ku tsaya ga aika masa kalaman lallashi, ku ba shi safiyarku. Ina gode wa Malama Dou da ta rubuta sunana a zama na biyu ba tare da ta yi mini kallon tausayi ba. Ina gode wa Kuang Shuyi, ina gode wa Rong Xiaodie. Ina gode wa Zhai Hongyan, wadda ta kashe mini waya a lokacin da ya fi mata sauƙi ta maimaita. Ban san da me zan biya ta ba, kuma na san in na gwada zagina za ta yi.

Saura in gaya muku yadda aka ƙare. Sakamako ya fito, na haye. Ba da makin ƙoli ba, hayewa dai, amma takarda ce da hatimi, kuma Malam Mo ya cika alkawarinsa. Na sauko daga tudun makaranta da gudu zuwa kasuwa, na tarar da mahaifiyata tana tsame taliya. Ba ta san kalmar Turanci ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa tambayata me ake yi a jarrabawar ba. Na faɗa mata. Ba ta ɗago ba, ta gama zuba wa mai saye romonsa tukuna.

Sannan ta ce, "Ke nan ba za ki tafi ba?"

Na ce, "Ba zan tafi ba, Mama."

Ta goge hannu a jikin rigarta, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "To ki je ki kwance akwatin nan da ke bayan ƙofa. Tun da kika dawo daga jami'a nake tuntuɓe da shi, na kasa ce miki komai."

A yammacin ranar na jera kayana a cikin kabad.

Ina yi wa shugabanninmu da malamanmu fatan lafiya da tsawon rai, su ga amfanin wahalar da suka sha a kanmu. Ku kuma, ƙannena, kunnuwanku su buɗe, hannuwanku kada su yi rawa, zukatanku su tsaya da ku har a karɓi takarda. Wanda ya haye, ya waiwayo. Wanda bai haye ba, kada ya rasa mai kiransa. Iyayen da ke jiranku a gida su ji labari mai daɗi, kowa kuma ya koma masaukinsa lafiya.

Na gode.