Ruwa Ya Tarar da Mu Ido a Rufe

Gaisuwa gare ki mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Ni ne Baban Talatu mai bulo, daga Narayi.

Da gumina na gina gidana, na sa bikin buɗewa ranar hutun sha biyu ga Yuni. Matata ta nuna mini waya, wai shekarun baya an sha yin ruwa a ranar. "Oga, mu ɗauko rumfa." Na ce, "Maman Talatu, kowace shekara ranar nake shanya bulo. Waya ce za ta koya mini sama?"

Surukaina suka zo cikin manyan kaya, aka jera shinkafa a tsakar gida, Fasto ya ce a rufe ido. Yana fara addu'a ruwa ya kece. Kin san mu, ba mai motsi sai an ce Amin, Faston nan kuwa ba ya gajartawa. Yana gode wa Allah, shinkafa tana iyo.

Yanzu ko fita zan yi sai ta ce, "Oga, me sama ta ce?" Ga bikin Talatu na tafe. Jama'a, yaya zan ɗauko rumfa ba tare da matar nan ta yi mini guɗa ba?