Ƙarar Salansa

A kan bencin wani garejin gyaran mota, wani dattijo ya dubi mutumin da ke ta tsaki kusa da shi.

"Malam, kai ma sun ɓata maka mota ne?"

"Ina fa, Baba! Birki kawai na kawo, suka haɗa da liƙe hujin salansa, wai kyauta. Wa ya aike su?"

"To, ai sai godiya."

"Mahaifiyata ba ta gani. Da ƙarar salansar take gane na shigo layinmu, ta fara kiran sunana. Jiya ina tsaye a kanta tana tambayar jikokinta ko lafiya ban zo ba."

Dattijon ya jinjina kai.

"Kada ka sake ba su, ɗana. Nemi ƙusa da guduma. Wannan gyaran naka ne."