Faifan Da Bai Iso Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugaban kwamitin gyaran gini da 'yan kwamitinsa. Manyan baƙi da aka zaunar a layin gaba, inda a zamaninmu ba mai zama sai wanda aljihunsa ya gaza. Magina da kafintocin da suka ta da wannan rufi. Iyaye mata, ko da yake a shekaruna babu sauran wadda zan kira uwa, sai 'ya'ya da jikoki. Samari da 'yan mata. Da ku na bakin ƙofa, masu jiran tsofaffi su gama surutu a kashe fitila: ina gaishe ku baki ɗaya.

Na roƙi shugaba ya bar ni in yi magana a zaune, ya kuwa amince. Dole ya amince, don ni na koya masa karatu a aji ɗaya, kuma na san abubuwa a kansa.

Ina godiya da aka tuna da ni. Ina godiya da aka aika mota har ƙofar gidana, maƙwabta suka fito suna tambaya ko asibiti za a kai ni. Ina godiya ga waɗanda suka kwashe buhunan siminti da ɓerayen da suka gaje mu a wannan gida, suka wanke bangon can, suka maido masa da farinsa. An gayyace ni ne, in ji kwamiti, saboda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a nan ranar da aka haska wani fim da za ku kalla yau. Wannan ba gwaninta ba ce. Sauran ne suka riga ni tafiya, ni kuma dama can ba ni da sauri.

Maganata uku ce. Biyu labari ne, ta ukun roƙo.

Ta farko, yadda gidan nan yake. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka ba zan yi muku ƙarya in ce aljanna ce ba. Allo ɗaya ne, fim ɗaya, gari ɗaya. Benci a gaba, kujeru a baya, kuɗin cizo a ko'ina, ba ruwansa da wanda ya sayi tikitin baya. Rufin kwano ya tsaya a rabi, rabin da aka rufe ɗin ma yana yoyo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu a nan kowa da yoyonsa, ya san shi, in ya tarar da wani a ƙarƙashinsa sai ya ce, "Malam, matsa, wurina ne."

Can sama, inda kuka liƙa agogo yanzu, akwai wata 'yar taga. Bayanta Afareta yake, mai haska fim. Daga tagar nan haske ke fitowa ya ratsa ta kanmu, hayaƙin taba da ƙwari suna iyo a cikinsa, kafin ya faɗa kan bango ya zama mutane. Mutanen kuwa yarensu babu mai ji a garin nan, saboda haka kowane benci da tafintansa. Namu Wanzami ne. Duk abin da akta ya faɗa, ko da mahaifiyarsa yake gaisarwa, sai Wanzami ya ce, "Ya ce wallahi sai ya rama." Da wannan fassara muka kalli finafinai masu yawa, kuma ba ta cika kuskure ba.

Mun kasance masu taimako. In mugu ya laɓe wa akta, gidan nan kaf sai ya ɗauka, "Bayanka! Kai, waiga mana!" Bai taɓa jin mu ba, mu ma ba mu taɓa fasa gaya masa ba. In kuwa fim ya tsinke, allo ya yi fari fat, sai a juya kan tagar can: "Afareta, barci kake yi? Afareta, gyaɗa ka tafi saye?" Shi kuma ya zuro kai ya ce, "Wanda ya iya ya hawo." Ba wanda ya taɓa hawa.

Ta biyu, yadda fim ke iso mana, don a nan maganar take. Fim a lokacin faya-fayai ne, kowane a cikin gwangwaninsa mai faɗi kamar tire. Mai silimar nan da takwaransa na garin da ke hayin rafi sukan haɗu su yi hayar fim ɗaya, su haska shi rana ɗaya. Na hayin su suke fara haskawa. Da faifai ya ƙare a can, sai Mai Keke ya ɗaure shi a bayan kekensa ya taho da shi nan, ya ajiye, ya juya ɗauko na gaba. Wani lokaci yakan rikita su, mu ga jana'izar mutum tukuna, sannan mu ga ya kwanta rashin lafiya. Ba mu yi ƙorafi ba. Mun ɗauka haka suke yi a ƙasarsu.

Ina da aboki, Tela. Shagonsa na kusa da inda ake gyaran waya yanzu. Benci ɗaya muke zama, shi a dama ni a hagu, saboda kunnena na dama ne mai kyau, shi kuma ba ya iya kallo bakinsa a rufe. Wata damina aka kawo fim ɗin da muka sa wa suna Mai Hula, don aktan ba ya cire hularsa: da ita yake faɗa, da ita yake kwana. Sunansa na gaskiya yana kan takardar talla, takardar kuwa mai gyaɗa ta ƙulle gyaɗa da ita tun kafin a buɗe ƙofa. Aka yi ta tafiya har mugaye suka rutsa Mai Hula a kan gada, gaba su, baya su. Ya dubi ruwa, ya faɗa. Ruwa ya yi shiru. Can sai ga hula ta taso ita kaɗai, tana juyawa.

Nan faifan ya ƙare.

Muka jira na ƙarshe. Muka zagi Afareta har muka gaji. Ashe ruwan da aka yi da yamma ya cika rafi, Mai Keke yana can hayi da gwangwani a ka, yana kallon igiyar ruwa. Afareta ya zuro kai ya ce, "Jama'a, gobe za a ƙarasa." Washegari da sassafe motar birni ta zo ta kwashe gwangwanayen duka, domin hayar kwana ɗaya ce. Muka je wurin mai silima, ya ce, "Zai dawo." Mai silima ya rasu, ɗansa ya gaje shi, shi ma ya ce zai dawo. Daga baya bidiyo ya shigo gari, benci ya fara zama da mutum ɗai-ɗai, aka sa wa ƙofar can kwaɗo.

A hanyarmu ta komawa gida daren da faifan bai iso ba, Tela ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Mai Hula mana. Malam, ni sana'ata tufafi. Mutumin da bai cire hula ba ko a wanka, in ka ga hularsa ba shi, ka yi wa iyalinsa ta'aziyya."

Na ce, "Tela, akta ba ya mutuwa. In ya mutu, me za su sa a faifan da ya rage?"

Ya ce, "Zaman makoki. Kai da ka yi boko, ba ka san ana zaman makoki ba?"

Jama'a, wannan gardama mun yi ta fiye da rabin rayuwata. Mun yi ta a shagonsa yana taka keken ɗinki, mun yi ta a sunan 'ya'yansa, mun yi ta a layin asibiti. Wani direban babbar mota ya ce ya ga ƙarshen a birni, wai aure aka yi. Tela ya ce direba ne, barci ya yi. Wani ɗan kasuwa ya ce ya gani, an binne shi. Na ce wani fim ɗin ya kalla. Mai ɗakina, Allah ya gafarta mata, takan aiko mana da shayi ta ce, "Ku dai har yanzu ba ku tsamo bawan Allahn nan daga ruwa ba?" Da ta rasu, mutane suka zo suka yi gaisuwa suka watse, 'ya'ya suka koma garuruwan aikinsu. Tela ne ya ci gaba da zuwa kullum bayan la'asar. Bai iya lallashi ba. Zai zauna a bencin ƙofar gidana, ya gyara zama, ya ce, "Ya fa mutu." Ni kuma in ji jini ya dawo mini jiki.

Da ciwonsa ya yi tsanani na je duba shi. 'Ya'yansa na kewaye da shi, magana ta yi masa wuya. Ya yafito ni, suka matsa, suna zaton wasiyya ce. Na kai kunnena mai kyau bakinsa. Ya ce, "Ya mutu." Na ce, "Bai mutu ba." Ya rufe ido yana murmushi. Da na fito suka tambaye ni me Baba ya ce, na ce magana ce tsakaninmu. Har yau babban yana zaton wata gona ce.

Yanzu ga ta uku. Sakataren kwamitin nan jikan Tela ne, ga shi can riƙe da waya. Kwanakin baya ya zo gidana yana washe baki, ya ce, "Kaka, albishirinka. Na samo muku Mai Hula, har ƙarshensa. Ranar buɗe gini za mu haska, kai ne babban baƙo." Na ce, "Ka kalla?" Ya ce, "Na kalla." Na ce, "To, ja bakinka ka rufe, ka kuma juya mini ƙeya." Tun da na shigo ɗakin nan nake kauce wa fuskarsa, don irin ta kakansa ce, ba ta riƙe sirri.

Ɗana, alheri ka yi, kuma na karɓa. Amma ka duba lamarin. In Mai Hula ya mutu, Tela ya ci ni, kuma ba ya nan ya yi mini dariya. In bai mutu ba, na ci Tela, kuma babu wanda zan je in yi wa. Ko ta ina aka ɓullo, ni ne da asara. An ce gani ya kori ji, abin da nake tsoro ke nan. Har yanzu in la'asar ta yi na zauna a bencin ƙofar gidana, ina jin muryarsa yana cewa ya mutu, ina ba shi amsa. 'Yata takan kira ni a waya ta ce, "Baba, ka sha magani?" In ce na sha, ta ce to, sai an jima. Wannan ce hirata ta yini, sai kuwa waccan ta ni da Tela. In na ga ƙarshen fim ɗin nan, waccan ta ƙare.

Na san za a ce rashin sani ya fi dare duhu. Haka ne. Amma ni a duhun ɗakin nan na yi zama mafi daɗi a rayuwata.

Ban ce kada ku kalla ba. Ku kalla, haƙƙinku ne, garin nan ya daɗe yana jira. Roƙona shi ne: in hula ta taso kan ruwa, ku tsayar da shi, ku kunna fitila kamar yadda aka yi mana, ku ba ni lokaci in kai ƙofa. Zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri. In kun gaji kuna iya zagin mai haskawa, a nan gidan halal ne. Daga gobe kuma, wanda ya haɗu da ni a hanya ya gaishe ni kawai. Kada ya yi mini murmushi mai yawa, kada kuma ya yi mini kallon tausayi, duk ina ganewa.

In kuma a cikinku akwai mutum ɗaya da zai iya haƙura da ƙarshen, ya tashi mu fita tare, to akwai gurbi a dama da ni. Sharaɗin aikin kaɗan ne: ya zama mai taurin kai, ba ya karɓar hujja, kuma ba shi da abin yi bayan la'asar. Zai riƙa cewa ya mutu. Sauran ni zan ji da shi, shayi ma daga gare ni.

Allah ya albarkaci wannan gini, ya sa a cika shi da mutane ba da buhuna ba. Allah ya saka wa kwamiti da duk wanda ya ɗauki ko da bulo ɗaya. Allah ya jiƙan mai silima da ɗansa, da Wanzami, da Afareta, da Mai Keke wanda ya yi hankali bai shiga rafin nan ba. Allah ya jiƙan mai ɗakina. Allah ya jiƙan Tela, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa kurakuransa, har da wannan. Ku kuma Allah ya ba kowannenku abokin da zai musa masa magana har tsufa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, a sa wani ya miƙo mini sandata kusa, kafin a kashe fitila.

Bai mutu ba. Na gode.